Fitilar Mai Agogo Da Ta Dushe

Mai Agogo ya yi fiye da rabin rayuwarsa a wani ɗan shago da ke ƙarƙashin matakalar bene, inda in ya miƙe tsaye sai ya sunkuyar da kai. Siriri ne, maganarsa ba ta da yawa, matarsa ma takan ce da agogo ya iya hira, ba da mutane ba. Da wayar hannu ta zo, kowa ya koma duba lokaci a aljihu, aiki ya ja baya. Amma hannun da ya saba kwance ƙananan abubuwa ba ya iya zama haka nan. Sai ya shiga tsintar matattun na'urorin faifan bidiyo yana farke su, a nan ya gano wata 'yar ƙwaya mai fitar da haske, wadda ake kira diyod, ko girman wake ba ta kai ba. Daga ranar ya kamu da son haɗa fitilar leza ta hannu, mai harba siririn haske mai ƙarfi.

Ya haɗa da yawa, ya ƙona da yawa. Wadda ya fi ji da ita ita ce mai shuɗin haske. Babbar 'yarsa, wadda ke aiki a wani gari mai nisa, ita ta nemo masa ƙwayar, mai ƙarfi ce ƙwarai, ba a cika samun irinta ba. Ya dasa ta a cikin gidan tagulla, ya zura a jikin wata tsohuwar tocila. In ya sa jan tabarau ya kunna ta, takan kama ashana daga nesa.

Shagon da ke kallon nasa na Mai Rediyo ne, amininsa tun suna samari, mutum mai ƙiba da faɗin dariya. Abota ta kai su har suka zama surukai, ɗan Mai Agogo ya auri 'yar Mai Rediyo. Kullum suna cikin tsokanar juna.

"Kai dai in ka ɗiga dalma sai ka ce kashin akuya," in ji Mai Agogo.

"To ai kashin akuyar ne ke ciyar da surukarka tun tana goye," in ji Mai Rediyo, ya tuntsire da dariya.

Da yanar ido ta rufe wa Mai Agogo gani, likita ya ce sai an yi masa aiki. Bai yi dogon tunani ba ya miƙa wa amininsa makullin shago. Aka yi aikin, ya yi jinyarsa a gida, ya warke, ya dawo. Likita ya hana shi wasan ƙone-ƙone, matarsa kuma ta kafa ta tsare, don haka sai ya haska fitilar a bango kawai. Ɗigon shuɗin da ya sani kamar garwashi ya koma dishi-dishi.

Ya kira Mai Rediyo ya nuna masa.

"Haba mutumina, ga haske nan tas kamar da," in ji Mai Rediyo. "Idonka ne bai gama washewa ba. Ka daina wahalar da shi."

Wa zai ƙaryata amini? Mai Agogo ya yarda idonsa ne ke tafiya. Bai gaya wa matarsa ba, don kada ya ɗaga mata hankali. Ya fara mayar da masu kawo ƙananan agogunan mata, yana cewa ba shi da kayan gyaransu. A hanya yakan rufe ido ɗaya ya gwada karanta allon shaguna. Har ya fara koyon laluben kayan aikinsa da yatsu, wai don ranar da duhu zai rufe shi gaba ɗaya. Duk wannan Mai Rediyo yana gani daga tsallaken layi, yana yi masa sannu.

A cikin wannan lokacin ne Mai Rediyo ya buɗe sabuwar sana'a a ƙuryar shagonsa, yana rubuta sunayen mutane a jikin maƙalin makulli na katako. Ƙaurin itace yakan tsallako har ƙarƙashin matakala. Ya ce na'ura ce ya sayo a haɗe. Mai Agogo ya yi masa fatan alheri da zuciya ɗaya.

Da damuwa ta ishe shi ya koma asibiti. Likita ya duba, ya ce idon garau yake, ya fi na wasu matasa. Ya dawo shago ya ɗora ashana a gaban fitilar, ko hayaƙi ba ta yi ba. Ashe ƙwayar fitilar ce ta gaji, ya faɗa a ransa, har da 'yar dariyar jin daɗi. Ya yi wa 'yarsa waya, ta aiko da wata.

Ranar da saƙon ya iso, da hantsi, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan teburi. Ya zare batir, ya warware gilashin gaba ya kife shi a gefe don kada ƙura ta hau, ya turo gidan tagullar waje. Ya maƙala gilashinsa na gyaran agogo a ido ya sunkuya.

Jikin tagullar duk shatin haƙoran filaya ne, shi kuwa bai taɓa kama ta da filaya ba. Ya juya ta. Ƙwayar da ke ciki ba tasa ba ce, wata 'yar araha ce irin ta tsofaffin na'urori. A ƙafafunta kuwa ga dalma nan dunƙule-dunƙule. Ko cikin barci aka tashe shi ya san hannun da ke ɗiga dalma haka.

Ya daɗe zaune, ƙarfen dalmarsa yana ta zafi shi kaɗai. Sannan ya ɗauki tagullar ya tsallaka layi, ya wuce kai tsaye ƙuryar da bai taɓa shiga ba. Ga shuɗin haskensa nan yana cin katako. Ya ajiye tagullar a gaban Mai Rediyo.

Mai Rediyo ya dube ta, ya yi yaƙe. "Ai da ma ina shirin gaya maka."

"Yaushe?"

"Ka duba mana, mutumina. A wurinka wasa ce, ashana kake kunnawa da ita. Ni kuwa abinci nake nema."

"Da ka roƙa, ai da na ba ka har da tocilar."

"Na ga kunyar roƙo ne. Kuma na zaci bayan aikin idon nan ba za ka ƙara bambancewa ba."

Maganar nan ta fi satar yi masa ciwo. "Ka ga ina laluben sukudireba kamar makaho," in ji Mai Agogo. "Ka ga ina korar masu kawo aiki. Kana yi mini sannu."

Mai Rediyo ya kai hannu zai kwance ƙwayar daga na'urarsa. Mai Agogo ya ce ya bar ta, ya ɗauki tagullarsa ya fita.

Ya koma ya dasa sabuwar ƙwayar. Da yamma ya kwashe labari ya gaya wa matarsa. Ta yi salati, ta ce sai ta je ta wanke mutumin nan tas. Ya hana ta. "Yarinyar nan da ke gidan ɗanmu ba ta ɗauki komai ba," in ji shi. "Kada ubanta ya ja mata."

Haka aka binne zancen, yaran ba su taɓa ji ba. Mai Rediyo ya turo masu ba da haƙuri, Mai Agogo ya ce ya ji. In sun haɗu sukan gaisa, su tambayi iyali, shi ke nan. Mutanen layin sun yi ta tambayar abin da ya raba su, wasu suka ce tsufa ne. Da aka haifa musu jika, su biyun suka zauna a benci ɗaya a barandar asibiti. Mai Rediyo ya ce jaririn hancin Mai Agogo ya ɗauko. Mai Agogo ya ce haka ne, ya tashi ya koma wajen taga ya tsaya.