Ranar da na tsare ƙofar duwatsun kakanninmu

Shekarun baya, jim kaɗan bayan yaƙin basasa, na dawo Mubi da digirina na tarihi, na sami aiki a ofishin En'e, wato hukumar gargajiya. Ni mutum ne mai ɗari-ɗari. Ko gaisuwa sai na maimaita ta a zuci kafin in furta.

Wata safiya maigidana a ofis ya ce masu yawon buɗe ido za su zo ganin tsohon wurin bauta da ke kan tsauni, bayan Gella. Wani zagayen duwatsu ne da kakanninmu suka jera, ba laka ba siminti, duk sun yi baƙi da hayaƙi da man da aka daɗe ana zuba musu.

Ya ce, "Ka ɗebi leburori ku shafe su da farar ƙasa, kada a ce mu ƙazamai ne."

Ina jin ba laifinsa ba ne. Tun zamanin Turawa, duk dutsen da babban mutum zai gani sai ya sha farar ƙasa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wataƙila dai... kamar tsufan nasu za a zo gani."

"Wataƙila ko tabbas? Jeka ka yi abin da na ce."

Muka hau da bokitai. Kawuna, mai kula da wurin, ya leƙa cikin bokiti ya dube ni.

"Ɗana, kwalliya ka kawo wa kakanninka? Aure za su yi?"

Ni ɗan coci ne, ban taɓa bauta a nan ba. Amma na san in farar ƙasa ta shiga ƙananan ramukan jikin dutse, goge ta sai an kankare har da tarihin. Na ce wa leburori su shafe duwatsun bakin hanya, ni kuwa na tsaya a ƙofar shiga.

Da rana maigidana ya iso yana haki, ya ce in matsa in ba leburori hanya.

"Ka san kujerarka a hannuna take?"

"Na sani, ranka ya daɗe. Ka yi haƙuri, ba zan matsa ba."

Sai ya juya ya tafi. Masu ziyara suka zo suka ga wurin yadda yake. Kafin wata ya ƙare aka tura ni Mayo Bani duba rumfunan kasuwa, ni da digirin nawa.

Abin da na koya shi ne, tsoro bai hana tsayuwa, rawar ƙafa kawai yake sawa. Har yau ina tunanin ko da na lallashe shi ta wata hanya da ban rasa kujerar ba. Mai yiwuwa. Amma bara na kai jikokina can kan tsaunin, suka shafa duwatsun, hannunsu ya fito da baƙin hayaƙin kakanninsu.