Rijiyar da na leƙa da sassafe

Jiya ɗana ya zo min da zancen sayen rabon wani a injin ban-ruwa na haɗin gwiwa, wai ya je ya gani da idonsa. Na ce, da wane lokaci ka je?

Lokacin farin nan na shekarun saba'in, ni ma da idona na gani. Rijiya ce kusa da Sule Tankarkar, mutum huɗu suka haƙa ta, kowa da lokacin shayar da shanunsa. Ɗayansu, Buba, zai tashi, ya ce in sayi rabonsa. Ya kai ni da sassafe, na zura guga ya fito da ruwa garau. A wurin na ba shi bijimina.

Washegari na koro shanuna tun da safe, na tarar da wani dattijo cikin masu rijiyar yana shayar da nasa.

"Samari, ina zuwa?"

"Baffa, ni na sayi rabon Buba."

"Rabon Buba ai sai bayan la'asar."

"To, zan jira."

Ya dube ni, ya dubi shanun. "Tun azahar take ƙafewa, laka ce za ka samu. Me kake tsammani ya tashe shi? Da ka tambaye mu, da mun faɗa maka."

Buba bai yi min ƙarya ko ɗaya ba. Ni ne ban tambaya ba. Kafin ruwan sama ya sauka, mushen shanuna bakwai na ja zuwa bayan gari da hannuna.

Har yau in na ga ruwa garau a guga sai in tambayi lokacin da aka ɗebo shi. Ku fa, wace tambaya ce kuka ƙi yi, kuka dawo kuna cizon yatsa?