Auduga a Idon Baffa Manu

Har gobe ban manta da Talatar da aka dawo mana da Baffa Manu ba, lokacin ina nas a sashen ido a Gusau. Makiyayi ne daga wajen Kekun Waje, mun cire masa yana a idon hagu sati uku kafin nan. Mijin 'yarsa ne ya kawo shi, idon ya yi jawur, ganin ya koma dishi-dishi.

Likita ta duba, ta ga gyambo a saman baƙin idon. Ta ce tana zargin bairas, irin mai fito da ƙuraje a leɓe. In shi ne, maganin kumburin da muka ba shi yake ɗigawa ƙara wa bairas ɗin ƙarfi yake, idon zai iya tafiya. Bairas ɗin yakan kashe jin ido, shi ya sa muke murza auduga siririya mu taɓa kowane ido mu kwatanta.

Na fara da mai lafiyar.

"Baffa, ka ji?"

"Ban ji ba."

Na sake taɓawa. Hawaye shar har gemu, amma ko ƙiftawa bai yi ba.

"Haba Baffa!"

"'Yata, bulala nawa na sha a sharo ban motsa ba? Auduga ce za ta sa in yi raki?"

Wallahi raina ya ɓaci. Layi har waje, ni kuma ina kokawa da tsoho a kan zare! Sau biyar ina taɓawa. Har surukin ya soma yi masa kirari.

Nan likita ta gane. Ta ce wa surukin ya je ya gyara fakin ɗin babur ɗinsa. Yana fita na taɓa idon dama, Baffa ya zabura har hularsa ta faɗi.

"Kai! Wannan abu da mugunta yake!"

Na taɓa na hagu. Bai motsa ba. Na sake. Ya riƙo hannuna, murya ƙasa-ƙasa.

"Kin taɓa?"

"Na taɓa, Baffa."

"'Yata, wannan karon ba jarumta ba ce."

Na ga tsoro ƙarara a fuskarsa. Muka tsayar da ɗigon, muka ba shi man kashe bairas, sau biyar a rana. Idon ya tsira, da ɗan tabo.

Ku da kuka fara aiki yanzu, kafin ku tambayi dattijo ko yana jin zafi, ku fara duba wa ke tsaye a bayansa.