Gyara Hularka, In Ji Kawu Ilu

Duk wanda ya yi tuƙi tsakanin Hunkuyi, Makarfi da Ikara a 'yan shekarun nan, ko dai Kawu Ilu ya taɓa ɗaga masa waya, ko kuwa ya san wanda aka ɗaga wa. Kun san yadda yake yi. Ka yanko masa gaba ko ka gogi madubin motarsa, ba zai zage ka ba, ko hon ba zai danna ba. Zai gangara gefen titi da tsohuwar akori-kurarsa, ya kashe ta, ya fito ya sa mata dutse a taya, don birkin hannunta ya rasu tun ina firamare. Sannan ya tako a hankali ya yi maka sallama, ya tambaye ka gida da iyali da gona. Sai ka gama amsawa kaf, sannan ya zaro waya daga aljihun gaba, ya riƙe ta da hannu biyu kamar mai karanta wasiƙa, ya ce, "Gyara hularka."

Ko ba ka da hula haka zai ce. Na ga ƙato da ƙwal-kwabo yana shafa ƙeya.

Ni ne Nasiru, ɗan ƙanwarsa, kuma shi ya koya mini sitiyari, don haka na ga abubuwa da idona. Idan ya gama ɗauka, tambayarsa ɗaya ce: "Ɗan gidan wa?" A yankinmu kuwa babu wanda ya faɗo daga sama. Washegari bayan la'asar za ka tarar da shi a ƙofar gidanku, ya tuɓe takalmi yana gaisawa da mahaifinka. Kuma ba ya nuna hoton. Aljihun kawai zai dafa ya ce, "Yana nan, Malam. Ba zan nuna maka ba, ina jin nauyinka. Amma a yi masa magana." Iyaye da kansu suke roƙon kada ya fito da shi.

Akwai wani direban tifa, ya ba hamsin baya, da ya watsa wa Kawu ruwan taɓo a hanyar Kudan. Da aka zo kan "ɗan gidan wa," sai ya yi dariya ya ce, "Baba, mahaifina ya rasu tun tuni."

Kawu ya ce, "Allah ya jiƙansa. Surukinka fa?"

Har yau mutumin nan in ya hango kududdufi giya ɗaya yake sawa.

Ko dabba bai ƙyale ba. Wata rana wajen Malikanci garke yana tsallaka titi, wani bijimi ya kai wa fitilar motarsa karo ya fasa ta. Kawu ya fito, ya sa dutse, ya gaida dattijon Bafulatanin da ke tare da shanun, sannan ya saita bijimin da waya.

Dattijon ya ce, "Malam, shi za ka ɗauka?"

"Shi ya shigo hannuna."

"Ai ba shi da hula."

"To kai gyara taka a madadinsa."

Dattijon ya gyara malafarsa tsaf, ya tsaya kusa da bijimin. Kashegari aka kawo ƙwaryar kindirmo gidan Kawu, suka zama aminai har mutuwa.

Sau ɗaya na ga abin ya so ya ƙi. Mun ɗauko tumatir za mu Ikara, wani mai kuɗi a baƙar jif ya zo wucewa a kwana, ya tura mu cikin gonar mutane, kwando uku suka kife. Muka cim masa a gidan mai. Kawu ya yi sallama, ya ce a gyara hula, ya ɗauka. Mutumin ya harzuƙa. Ya ce wa ya ba shi izini, ya san doka kuwa, ya san cewa ɗaukar hoton mutum ba da yardarsa ba laifi ne, yau sai ya kwana a bayan kanta. Ya kira 'yan sanda, muka ɗunguma caji ofis.

Ni dai ban san ko gaskiya mutumin yake faɗa ba. Jami'in da ke kan tebur ya saurari kowa. Ya ce shi a saninsa titi na kowa ne, kuma wanda aka cuta yana iya ɗaukar mota da lambarta don ya samu shaida. Amma a ɗauki fuskar mutum a yi ta yaɗawa ana ɓata masa suna, wannan wata magana ce, tana iya kaiwa kotu. Ya ce a miƙo wayar ya gani.

Kawu ya ce, "Kai kaɗai, ranka ya daɗe. Ba na nuna wa jama'a."

Jami'in ya duba. Ya shafa ya sake dubawa. Ya ɗago ya kalli Kawu, ya koma ga wayar, sai tari ya sarƙe shi har ya nemi ruwa. Da ya dawo daidai ya ce wa mai jif, "Alhaji, na bincika. Babu abin da doka za ta kama a nan. Amma maganar tumatir tana nan." A hanyar komawa na dami Kawu da tambayar abin da ya ba jami'in tari. Ya ce, "Tsakanina da hukuma ne. Kalli gabanka."

To yanzu bari in zo kan tawa, wadda ban taɓa gaya wa kowa ba.

Ina da zuciya, kun sani. Ranar da zan fara jan motar haya, Inna, mahaifiyata, ita ta karɓi makullin ta yi masa addu'a, sannan ta ce, "Nasiru, ranar da na ji ka ɗaga wa wani hannu a kan hanya, ranar za ka ajiye wannan a gabana ka koma gona." Inna ba ta magana biyu. Kuma da motar nan nake ci da iyalina.

Washegarin sunan 'yata ta fari, ranar kasuwar Makarfi ce, muka haɗu da wata babbar mota mai lodin rake a kan wata siririyar gada. Na ce wa direban ya koma, ya ce in koma. Magana ta yi tsawo, ya zagi uwata. Ban san lokacin da na buɗe but na ɗauko ƙarfen kwance taya ba. Na finciko shi ƙasa, na ɗaga ƙarfen sama da kansa, fasinjoji suna ta salati. Sai na ji an yi sallama a bayana.

"Nasiru, ya mai jego?"

Na waiwaya. Akori-kura a gefe, har an sa mata dutse. Kawu yana tsaye da waya a hannu biyu.

"Gyara hularka."

Wallahi sai da na ajiye ƙarfen na gyara ta. Ya ɗauka, ya mai da wayar aljihu. Bai tambaye ni ɗan gidan wa ba. Cewa ya yi, "Gidanku ba sai an yi mini kwatance ba."

Kwana uku ban ci abincin kirki ba. Kullum la'asar ina leƙen ƙofa. Rana ta huɗu ya zo, ya zauna da Inna suka yi hirar taki da tsadar attaruhu, ya sha kunu, ya tashi. A zaure ya kalle ni, ya dafa aljihu, ya wuce.

Shekara shida ya yi yana dafa mini aljihun nan. A tasha, a wurin ɗaurin aure, har a filin Idi. In ya ji muryata ta fara tashi a kan lodi, daga nesa zai kai hannu ƙirji, ni kuma in koma kamar an zuba mini ruwan randa. Na roƙe shi ya goge, ya ce bai iya ba. Na ce in goge masa, ya ce wayarsa ba ta son baƙon hannu. Na taɓa sayo masa sabuwa don in karɓe tsohuwar, ya yi godiya ya ba matarsa. Gaskiya na ji haushinsa, ba kaɗan ba. Amma a shekara shidan nan ko kwalar mutum ban sake riƙewa ba.

Da ya rasu bara, bayan addu'ar uku, 'yarsa Hajara ta kira ni gefe ta miƙo mini wayar. Ta ce shi ya ce a ba ni. Na shige mota na rufe ƙofa, niyyata in goge abina kafin wani ya gani. Na buɗe wurin hotuna.

Kawu ne. Na shafa, Kawu ne. Ɗaruruwan hotuna, duk fuskarsa ce, daga ƙasan gemu, hanci ya cika allo, ga hula a karkace. Babu direban tifa, babu mai jif, babu bijimi. A wani ya haɗe gira, a wani ya cije leɓe, a wani kuma da alama dariya yake dannewa, ina jin na ranar bijimin ne.

Na koma wajen Hajara na ce, "Ashe duk shekarun nan Kawu bai san kyamarar kansa take kallo ba?"

Ta ce, "Ya sani sarai, Yaya." Ta ce ita ta saya masa wayar, kuma a haka ta zo. Ranar farko da ya ɗaga ta zai ɗauki wani da ya ɓata masa rai, sai ya ga kansa, ido ja, jijiya a goshi. Ya dawo gida ya ce mata, "Hajara, da wannan mutumin uwarku ta yi shekara talatin tana zaune?" Ta ce ya kawo ta juya masa kyamarar, ya hana. Ya ce a bar ta, ya samu wanda zai riƙa tsarewa a hanya, wato shi kansa. Sai a lokacin na tuna tsofaffin direbobi sun sha faɗa mini cewa a ƙuruciya Ilu Wuta ake ce masa, ni kuwa ina ɗauka zolaya ce.

Na nemi hoton washegarin suna, na same shi. Ba fushi a ciki. Tsoro ne, tsoron da ban taɓa gani a fuskarsa ba, bakinsa a buɗe, idonsa cike da hawaye. Da wannan fuskar ya tambaye ni mai jego. Na daɗe a motar ina kuka.

Da yamma na je wajen Inna. Na durƙusa, na ajiye makullin a kan tabarma, na faɗa mata komai, har ƙarfen. Na nuna mata hoton. Ta daɗe tana kallon yayanta, tana shafa allon da babban yatsa. Sannan ta turo mini makullin da bayan hannu.

Ta ce, "Ilu ya riga ya yi maka hukunci. Ɗauki, je ka nemi abincin 'ya'yanka. Wayar kuma bar mini."

Allah ya jiƙan Kawu Ilu, ya haskaka kabarinsa. Yadda ya rufa mana asiri a kan hanya, mu da ba mu cancanta ba, Allah ka rufa masa ranar da babu abin da ke ɓuya. Amin.