Kwanciyar Almu a Ciyawar Regent's Park

Wanda Ya ba mu aron Almu Ya karɓi abinsa ranar Talata, 16 ga Mayu, 1978, a wani asibiti da ke unguwar Whitechapel a London. Gare Shi duk za mu koma.

Almu, har yanzu ina ganinka da hantsi a ciyawar Regent's Park, kwance rigingine, tafin hannu sama, gajimare na wucewa a kanka. Nakan ce, "Malam, gwamnati ta turo ka karatun likita, kai kuma barci." Sai ka yi dariya ka ce wannan kwanciyar gawa ce, ita ta fi wuya a yoga, wato horon jiki da zuciya na Indiyawa, domin mai rai ba ya son sakin komai.

Maƙwabcinka Harilal, dattijo Ba'indiye, shi ya koya maka. Ka ce a wurinsu zuciya ruwan kududdufi ce da shanu suka dama, sai ta kwanta ake ganin ƙasa. Wasu na bin hanyar ilimi, wasu ta ƙauna, wasu ta tsare numfashi. Kai ka zaɓi ta aiki ba tare da jiran godiya ba, ka ce ai mu ma ikhlasi muke ce mata.

Lokacin da kuɗin man fetur ya sa kowa ke tahowa London neman magani, kai ne mai tarbo a filin jirgi, kai ne tafinta, kai ne mai zaman jinya. Duk da haka aka yi ta raɗa cewa ka bar salla ka bi Indiyawa. Ba ka taɓa kare kanka ba, abin ya yi mini ciwo.

Ranar jana'iza matarka Zinatu ta tambaye ni, "Yaya Maharazu, mutane za su zo kuwa? Ko sun fasa?"

Ni na yi maka wanka. Kafaɗunka sun sauka, tafin hannunka a buɗe. Ka iya kwanciyar, Almu.

Da muka fito da kai, sahu ya cika har waje: waɗanda ka yi jinyarsu, masu dogara sanda da masu ɗinkin tiyata a ciki, har da masu raɗar. Harilal na bakin ƙofa, ya tuɓe takalmi.

Allah Ya jiƙan ka, Ya karɓi aikin da ba ka jira godiyarsa ba, Ya sanyaya makwancinka. Zinatu, Allah Ya ba ki haƙuri, ke da ƴaƴa da dangi. Sun zo.