Gammo a Saman Mota

Shekarar da maigidana ya ajiye aiki, kujerar roba ce ta zama abokiyar zamansa. In ya dawo daga masallacin asuba sai ya kafa ta gindin darbejiyar tsakar gida, inuwa ta gusa ya gusa da ita, har magariba. Ba ciwo yake yi ba, an duba shi an ce lafiyarsa lau. Shiru ne kawai ya sauka masa. In na kai abinci ya ci rabi ya ture. Ni kuwa na kasa zama wuri ɗaya. In shiga ɗaki in fito, in sake wanke kwanon da na riga na wanke, ina satar kallonsa ta gefen ido. A sujada abu ɗaya nake roƙo, Allah ya ba shi abin da zai tashe shi daga kujerar nan.

Ƙaninsa, wanda ke sayar da awaki a kasuwannin Zango da kewaye, shi ya ja shi wata rana zuwa dam su sayo kifi. Suka dawo ba kifi, amma maigida na ta magana a kan kwale-kwalen masunta. Kafin mako ya zagayo katako ya cika mini tsakar gida.

Da hannunsa ya ƙera shi, ɗan ƙarami mai cin mutum ɗaya. Ya fere, ya buga ƙusa, ya narka kwalta a tsohuwar tukunyata ya toshe tsakanin katakan. Maƙwabta suka riƙa leƙowa suna tambaya ko an sanar da ruwan ɗufana ne su ba su ji ba. A Daura, inda ruwan da muka fi sani na rijiya ne, mutum na ƙera jirgi a cikin gida. Shi dariya yake yi. Ni dariyar kawai nake saurara, don na daɗe ban ji ta ba.

Da aka gama sai maganar kai shi ruwa ta taso. Motarmu ƙarama ce, ba ta da ƙarfen ɗora kaya. Mai walda ya ce sai ya huda rufin, maigida ya ce ba mai huda masa mota damina ta riƙa zuba a kansa. Shi da ƙaninsa suka samo tsofaffin tayoyi biyu suka aza a saman motar, suka ɗora kwale-kwalen bakinsa na kallon sama kamar akushi, suka ɗaure da robar da 'yan acaba ke ɗaure kaya. Ina tsaye a zaure na ga yana rangaji tun motar ba ta tashi ba. 

Ba su ko fita daga gari ba. A kwanar farko iska ta shiga cikinsa, robar ta miƙe, ya zame ya faɗo gefen titi. Allah ya tsare, ba kowa a wurin. Katako ɗaya ya tsage daga baki har kusan ciki.

Aka dawo da shi a kura aka jingine da katanga. Maigida ya canja katakon, amma daga nan bai ƙara taɓa shi ba. Ya ce wanda bai san hanyar kai abu ruwa ba, ba shi da dalilin ƙera shi. Kujerar ta koma gindin darbejiya. Kazata ta shiga cikin kwale-kwalen ta fara ƙwai.

Kwanakin nan ban san me nake dafawa ba. Miya ta yi gishiri, tuwo ya kama. Sai in tsaya ina kallon motar, ina kallon kwale-kwalen, kamar zan haɗa su da ido. Abin da ya riƙa dawo mini shi ne ƙuruciyata a ƙauyenmu wajen Sandamu, lokacin da muke ɗebo ruwa da tulu. Ba wadda ke aza tulu a kan ƙoƙon kanta haka kawai. Sai an naɗa gammo, tulun ya nutse a cikinsa ya sami wurin zama, sannan ki yi tafiyarki kina hira. Taya kuwa tauri gare ta, kuma tana tsalle.

Na fito da tsofaffin zannuwa da wani bargo da asu ya ci. Na naɗe su tamau, dogaye guda biyu, kowanne faɗin rufin motar, na ɗinke da zaren buhu. Na ɓoye su a ɗakin girki, don ban san yadda zan faɗa masa ba tare da ya ji kamar ina gyara masa aiki ba.

Ƙaninsa ne ya gan su da ya shigo neman ruwan sha. Tsakanina da shi wasa ne tun ina amarya.

"Matar Yaya, wane ƙaton kai ne za a yi wa wannan gammon?"

"Kan motar yayanka. In ka iya riƙe baki."

Bai iya ba. Ya kwaso su ya zube gaban maigida yana cewa ga injiniyar gida ta kawo fasaha. Maigida ya daɗe yana danna ɗaya da babban yatsa. Na yi ta maza na ce a kifa kwale-kwalen kuma, yadda ake kifa ƙwarya, kada iska ta sami wurin shiga. Bai dube ni ba. Ya ce wa ƙaninsa, "Kore kazar nan."

Suka shimfiɗa gammunan, ɗaya gaba ɗaya baya, suka kifa kwale-kwalen a kai. Bakinsa ya nutse cikin tsummokin ya zauna daram. Wannan karon igiyar rama suka sa, suka zura ta taga ta fita ta ɗaya tagar, suka ja har tana ƙara. Sai da suka gama ƙulli suka koma gefe suna yaba aikinsu, sannan maigida ya kama murfin ƙofar mota. Ya ƙi buɗuwa. Sun ɗaure ƙofofin duka huɗu tare da kwale-kwalen.

Ƙaninsa ya ce ai ba komai, a shiga ta taga, ni ce ma zan fara tunda tare za a tafi. Na ce ni da hijabina, a gaban maƙwabta, sai dai a tafi a bar ni. A raina kuwa jira nake maigida ya ce a fasa. Sai na ga kafaɗunsa na motsi. Dariya yake yi har da riƙe ciki. Suka kwance, suka buɗe ƙofofin, suka sake ɗaurawa, igiyar ta bi ta ƙofa maimakon taga.

Na zauna a baya, hannuna a waje ina riƙe da igiyar, kamar ni ce zan hana shi faɗuwa. Kowane rami sai na yi salati. In babbar mota ta wuce mu sai in runtse ido in saurara. A sama ba abin da ya motsa. Gonakin gero suna ta wucewa, ni ban ga komai ba sai inuwar hancin kwale-kwalen a kan gilashi.

A bakin dam masunta suka taya su saukewa. Maigida ya naɗe ƙafar wando, ya tura shi ruwa ya shiga. Ya yi tangal-tangal, na dafe ƙirji. Ruwa na ɗan tsattsafowa ta wajen sabon katakon, wani masunci ya jefa masa gwangwani ya riƙa kwalfewa. Ya yi ta juyawa wuri ɗaya masuntan na masa tsiya, yana rama musu da murya mai ƙarfi, kafin filafilin tuƙi ya bi hannunsa, kwale-kwalen ya miƙe.

Sai a lokacin na tuna ban taɓa tambayarsa ko ya iya iyo ba. Na tambayi ƙaninsa, ya ce tun suna yara a kududdufi yayansa ya fi kowa. Ban san ko gaskiya ya faɗa ba. Na bi gaɓar ruwan ina tafiya daidai da shi, laka na kama mini takalmi, ina ɗaga hannu ina ce masa la'asar ta kusa. Ya ɗago filafilin ya nuna ya ji, ya ci gaba da tuƙi.