Ƙanen Matata Ya Mai Da Ni Abin Dariya A Talabijin

Ƙanen matata ne ya tsayar da ni a gaban kyamara ya mai da ni abin dariyar garin Minna, kuma da saninsa ya yi. Ba tausayi nake nema ba, abin da ke cina a rai nake so in amayar.

A lokacin ina da shagon walda a Sauka Kahuta, ina ƙera ƙofofi da tagogi. Boko dai a aji biyu na sakandare na ajiye ta, ban kuma taɓa ɓoye wa kowa ba. Amma Allah ya jarabce ni da son shirin kacici-kacicin nan na talabijin, wanda ake kawo wata kalmar Turanci mai wuya, a jera ma'anoni huɗu, a ce mutum ya zaɓa. Ran Lahadi bayan la'asar mukan taru mu kalla a shagon maƙwabcina mai aski, wani ɗan kudancin Kaduna. Ni ba sanin kalmomin na yi ba, dabara ce kawai. Sai in yar da amsar da ta cika sauƙi, in yar da wadda aka sa don raha, in canka tsakanin biyun da suka rage. Sau da yawa in dace. Aka fara ce mini Farfesa, ni kuma kai ya kumbura.

Shi ƙanen matar tawa yana aiki a wani gidan talabijin mai zaman kansa. A gidana ya zauna yana karatu har ya gama. Wata rana ya zo shago yana washe baki, ya ce Yaya, wannan basira taka bai kamata ta ƙare a shagon aski ba, za su zo su ɗauke ni a kyamara. Na tambaye shi ko za a jera mini amsoshi huɗu kamar yadda na saba gani, ya rantse mini haka za a yi. Na sa aka goge mini babbar riga, na gaya wa duk layinmu.

Da suka zo, wata yarinya mai makirufo ta jefo mini kalma tsirara, babu zaɓi ko ɗaya. Har yau ban iya furta ta ba. Ga mutane sun kewaye shago, ga masu ce mini Farfesa a sahun gaba. Maimakon in ce ban sani ba, sai na gyara tsayuwa na ce ai wani irin ƙarfe ne da ake kawowa daga Jamus, har na ƙara da cewa na taɓa yin ƙofa da shi. Ashe sunan wata rawar Turawa ce. Shi ƙanen matar tawa yana tsaye bayan mai kyamara yana ɗaga mini babban yatsa, yana yi mini alama in ci gaba. Na kuwa ci gaba, har kaurin ƙarfen na gwada musu da hannu.

Ashe ba gasa ba ce, wani sashe ne da suke yi don a yi wa jahilai dariya. Suka haɗa da sautin shewa, suka maimaita hannuna yana gwada kauri, abu ya bazu a wayoyi. Ni na iya shanyewa, fatata ta sha tartsatsin wuta. Amma ina da 'ya a ajin ƙarshe na sakandare a Tudun Wada, ita ce ke wakiltar makarantarsu a gasar kacici-kacici. 'Yan ajinsu suka laƙaba mata 'yar ƙarfen Jamus. Ta cire sunanta daga gasar, ta daina ɗaga hannu a aji, a gida kuma ko ta gaishe ni ba ta iya ɗago ido. Wannan ne ya ƙone ni.

Duk mai karanta wannan, in an tura maka makirufo a baki an tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce ban sani ba ka kama gabanka. Ba kai kaɗai za ka ɗauki kunyar ba, 'ya'yanka ne za su kai ta makaranta.

Na sami ƙanen matar tawa ran sunan ɗan yayarsu a Garatu, yana zaune cikin abokai. Ya tarye ni da dariya, wai in huce, ai wasa ne, ƙanen mata da mijin yaya dama abokan wasa ne. Na ce masa wasan da na sani shi ne ka ɓoye mini takalmi ko ka ce na cika cin tuwo, a tsakar gida, mu biyu. Na ce ka san iya karatuna domin a gidana ka yi naka. Ni na yi ƙarya don girman kai, kai ka yi don a tafa maka a ofis. Ba ni nake so ka ba haƙuri ba, na ce, tashi ka je ka dubi idon yarinyar nan da ke ce maka Kawu, ka gaya mata wasa ne. In ta yi dariya, ni ma zan yi. In ba ta yi ba, kada ka sake ce mini Yaya.